Wane wasa ne har yau bai fita a ranka ba? Muhawarar 'yan zaure kan ƙwallon jami'o'in Amurka

Abu Safwan (Houston):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da yamma ina kwashe tarkace a gareji sai na ci karo da wata tsohuwar riga ruwan lemo mai duhu, lamba 10 a bayanta, wuyanta duk ya saki. Safwan ya ce, Abba ta waye? Na zauna a kan kwali na fara ba shi labari, ban ankara ba sai ji na yi wayata na kiran sallar isha'i. Shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan, tunda da yawanmu mun yi karatu ko zama a garuruwan jami'o'in ƙasar nan. Wane wasa ne, ko wane ɗan wasa, har yau bai fita a ranka ba?

Nawa dai sananne ne: Rose Bowl, 4 ga Janairun 2006, Texas da USC. Ina aji uku a Jami'ar Texas da ke Austin lokacin. USC sun yi wasa 34 a jere ba wanda ya taɓa su, ga Matt Leinart ga Reggie Bush, kowannensu da kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, a hannu. Mu bakwai muka cushe a ɗakin wani ɗan Sudan, ga talabijin ƙarama a kan firji. Saura minti shida da 'yan kai USC suna gaba da 38 da 26. Wallahi biyu daga cikinmu sun sa takalma za su tafi. Vince Young namu, mai lamba 10 ɗin nan, ya ruga da ƙafarsa ya rage tazarar, sannan masu tsaronmu suka tare LenDale White a dama ta huɗu, yadi biyu kacal yake nema bai samu ba. Sai ga mu a bakin gidansu, dama ta huɗu, yadi biyar, ko a ci ko a tafi gida. Vince ya ja baya, ya duba, bai ga kowa ba, sai ya karkata dama ya zura da gudu ya shige kusurwa. Saura daƙiƙa 19. Aka tashi 41 da 38. Ɗan Sudan ɗin nan da ba ya ko ɗaga murya, rungume ni ya yi yana kabbara. Muka fita da ƙafa cikin sanyi zuwa dogon benen jami'a, an haske shi da ruwan lemo tun daga ƙasa har sama, tagogi sun zana lamba 1. Rabon Texas da kofin ƙasa tun 1970.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Yaya Abu Safwan, ni ka san ƙanenka ne ya sako ni zauren nan, ban taɓa taka Amurka ba. Sau biyu na gwada kallon wasan nan, abin da na gani ƙarti ne da hular kwano suna tuma juna da ƙasa, a yi daƙiƙa biyar a tsaya. Mene ne dama ta huɗu? Kuma don me ake ce masa ƙwallon ƙafa alhali da hannu ake ɗauka?

Injiniya Bello (Abuja):
Ɗan Fagge, tambayarka ta biyu ko su ba su da gamsasshiyar amsa. Ta farko kuwa ita ce zuciyar wasan. Filin yadi 100 ne. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci yadi goma. Idan ta ci, a sabunta mata wasu huɗun. Idan ta kasa a ta huɗu, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa a daidai inda aka tsaya. Shi ya sa yawanci in an zo ta huɗun sai a buga ta nesa da ƙafa a rabu lafiya. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin ƙarshe ya yi tacdawun, maki shida, sai a ƙara ɗaya ko biyu. Wanda ya buga ta tsakanin dogayen sandunan nan ya samu uku. Tsayawar da kake gani kamar dara ce, kowane ɓangare yana sake jera 'ya'yansa.

Amma Abu Safwan, ka tsallake wani abu. A zubi na biyu cikin huɗun da ake raba wasan, gwiwar Vince ta taɓa ƙasa kafin ya miƙa wa Selvin Young ƙwallon da aka ci tacdawun da ita. Kowa ya gani a maimaici, ba a duba ba. Wasan da aka tashi da tazarar maki uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu Safwan (Houston):
Injiniya, na yarda gwiwa ta taɓa. Amma ai a kusa da gidansu abin ya faru, da an dawo da ita ma muna da sauran dama. Ka ce wani abu kan kocin USC, Pete Carroll, da ya bar Reggie Bush a gefen fili a dama ta huɗun nan. Mutumin da duk ƙasar ke tsoro yana tsaye yana kallo, masu tsaronmu suka san White za a ba, suka taru masa. Kuma na san abin da ke ci maka rai: shekara guda kafin nan, a wannan filin, Vince ya yi wa Michigan ɗinku tacdawun huɗu da ƙafarsa, aka tashi 38 da 37.

Injiniya Bello (Abuja):
Yana ci min rai, ba zan ɓoye ba. Ina ɗalibi a Ann Arbor lokacin.

Dokta Samaru:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ku da kuka yi karatu a Texas da Michigan, gidan sarauta kuka tarar. Ku bari in ba ku labarin gidan talaka.

Na tafi Kansas State a 1996 don digirin ƙarshe a likitancin dabbobi. Ba haka kawai na zaɓe ta ba. Tun shekarun 1960 akwai zumunci tsakaninta da Jami'ar Ahmadu Bello, malamansu sun zo Zariya sun taimaka wajen kafa sashen noma da na likitancin dabbobi, wasu daga cikin waɗanda suka koyar da mu can suka yi karatu. Garin sunansa Manhattan, amma kada ku ɗauka na New York ne. Ƙaramin gari ne a tsakiyar ciyawa da shanu, iska tana kaɗawa kamar hunturun Funtuwa. Shekarata ta farko daga ɗakin gwaji sai gida sai masallaci. Ba wanda ya yi min laifi, amma ba wanda ya san da ni.

Akwai wani dattijo makiyayi da muke zuwa gonarsa ɗibar jinin shanu. Bature ne, hannunsa kamar fatar kirgi, ba ya yawan magana. Wata rana ya ga na kama wani maraƙi na kayar da shi ni kaɗai yadda muke yi a ruga, sai ya tsaya yana kallona. Ranar ya tambaye ni sunana a karo na farko. Daga nan muka saba. Shi ya ba ni labarin cewa kafin Bill Snyder ya karɓi ƙungiyar a kakar 1989, ita ce abin dariyar ƙasar baki ɗaya, an yi shekara biyu cur ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Shi kuwa bai fasa sayen tikiti ba. Ya ce tun 1968 rabon su da cin Nebraska.

Ran 14 ga Nuwamban 1998, ranar wasanmu da Nebraska, ya zo ƙofar gidana da motarsa a-kori-kura, ya ce matarsa ba ta jin daɗi, tikitinta nawa ne. Kafin a shiga fili kowa ya buɗe bayan motarsa ana gashi, hayaƙi ko'ina kamar layin masu tsire. Ina ta tunanin yadda zan ƙi cin abincin mutane ba tare da na ɓata musu rai ba. Sai dattijon nan ya ciro wata sabuwar waya ta gashi, ko leda ba a cire mata ba, da kifi a cikin kula. Ya ce ya tambayi wani ɗalibi Balarabe abin da ya halatta gare ni, kuma wannan wayar alade bai taɓa hawanta ba. Ban iya ce masa komai ba.

Michael Bishop ne kwatabak ɗinmu, wato mai jagorantar hari da jefa ƙwallo, yaro mai hannu kamar majajjawa. Aka yi ta musayar gaba, mu wuce su wuce, har muka tashi 40 da 30. Ɗalibai suka kwararo cikin fili suka rataye a sanduna, an daɗe ana fama kafin su faɗi. Na juya in yi wa dattijon murna sai na tarar ya zauna, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Shekara talatin yana jiran ranar. Na zauna kusa da shi har filin ya fara watsewa.

Maman Hanif (Lincoln):
Baba Dokta, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Labarin nan ya taɓa ni, amma a matsayina na 'yar Nebraska dole in faɗi abin da duk garin nan ke faɗa har gobe. A ƙarshen wasan nan wani ɗan wasanku ya kama ƙarfen fuskar hular Eric Crouch ya murɗe masa wuya har kansa ya kusa kallon baya, a dama ta huɗu, alƙali bai jefa tutar laifi ba. Ni ban zo ƙasar ba lokacin, amma abokan aikina a asibiti sun nuna min hoton ya fi sau goma.

Dokta Samaru:
'Yata, gaskiya kika faɗa. Laifi ne, ya kamata a hukunta. Daga inda nake zaune ban gani ba, sai washegari a jarida. Kuma ba mu daɗe muna murna ba: mako uku bayan nan Texas A&M suka fitar da mu a ƙarin lokaci na biyu, 36 da 33, muna dab da zuwa wasan kofin ƙasa. Ranar dattijon bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba.

Maman Hanif (Lincoln):
Allah sarki. Ni nawa ba babban wasa ba ne, ko kofi babu a ciki. Satumban 2014, Nebraska da wata ƙaramar makaranta, McNeese State, wadda aka gayyato don a lallasa ta. Sai ga shi an yi kunnen doki 24 da 24, saura ƙasa da minti ɗaya. Hanif yana shekara tara, kuma a lokacin ya fara cewa a makaranta a riƙa kiransa da wani suna na Turawa, wai nasa yana wahalar faɗa. Abin ya dame ni ƙwarai, ban san yadda zan ɓullo masa ba. Wata abokiyar aikina ta ba mu tikiti biyu. Aka jefa wa Ameer Abdullah wata gajeriyar ƙwallo, mutum kusan biyar suka yi masa rubdugu, ya dunƙule ya ɓalle daga cikinsu, ya yi yadi 58 ya shige gida, saura daƙiƙa 20. Mutum dubu casa'in da wani abu, duk cikin jajayen kaya, suna kiran sunan Abdullah. Hanif ya ja min mayafi ya ce, Mama, Musulmi ne? Na ce Musulmi ne. Tun daga ranar ban sake jin maganar canja suna ba.

Ɗan Damagaram (Columbus):
Hajiya, madalla da wannan. Ni ku gafarce ni, ban yi jami'a ba, babbar mota nake ja. Amma shekara goma sha shida ina Columbus, kuma duk wanda ya ce Ohio State ta ɗalibai ce kaɗai bai san garin ba. Makon da za a kara da Michigan, duk harafin M da ke jikin allunan jami'a sai an manna masa jan tef. Ko sunan jihar ba a faɗa, sai dai a ce waccan ƙungiya ta arewa. Nawa shi ne 2016, ƙarin lokaci na biyu, dama ta huɗu yadi ɗaya, J.T. Barrett ya kutsa, aka ce ya kai. A dama ta gaba Curtis Samuel ya shige, 30 da 27. Ina wurin ajiye manyan motoci a Indiana ina kallo tare da direbobin da ban san su ba, muka yi ta tafawa.

Injiniya Bello (Abuja):
Bai kai ba, Ɗan Damagaram. Na kalli maimaicin nan ta kowace kusurwa. Ya yi karo da bayan ɗan'uwansa ya dawo.

Ɗan Damagaram (Columbus):
Injiniya, ƙwallo ake dubawa ba ƙafa ba. Ƙwallon ta taɓa layi kafin ya dawo. Alƙalai sun duba, sun tabbatar.

Injiniya Bello (Abuja):
Ba su tabbatar ba, cewa suka yi babu hujjar da za ta sa a sauya hukuncin farko. Da bambanci. Amma bari in faɗi nawa, don ku san ba ɗaci kaɗai na kwaso ba, ko da yake ɗacin yana da yawa. Ina cikin filin ran 1 ga Satumban 2007 lokacin da Appalachian State, makarantar da ke rukunin ƙasa da namu, wadda muka biya kuɗi ta zo, ta ci mu 34 da 32. Mu ne na biyar a ƙasa. Corey Lynch ya tare bugunmu na ƙarshe. Mutum fiye da dubu ɗari, amma kana iya jin kukan jariri daga ɗaya ɓangaren. Sai 2015, Michigan State, saura daƙiƙa goma muna gaba, bugawa kawai za a yi a tashi, ƙwallo ta suɓuce wa mai bugu, Jalen Watts-Jackson ya ɗauka ya kai gida. Garin murna 'yan uwansa suka danne shi har ƙugunsa ya karye.

Wanda nake riƙe da shi kuwa, 27 ga Nuwamban 2021. Na riga na dawo gida. Ana fara wasan da sha biyun rana agogonsu, wato shida na yamma a nan, daidai magariba. Na yi sallah na tayar da janareta na haɗa kwamfuta da talabijin. Dusar ƙanƙara na zuba a Ann Arbor, ni kuma ina zaune da fanka. Rabonmu da cin Ohio State tun 2011. Hassan Haskins ya yi tacdawun biyar, Aidan Hutchinson ya kayar da kwatabak ɗinsu sau uku, kuma a ɗaya gefen layin tsaronmu akwai David Ojabo, wanda aka haifa a Najeriya ya girma a Aberdeen, bai fara wasan nan ba sai da ya kusa gama sakandare. Da ya kayar da C.J. Stroud can ƙarshe na tashi tsaye ni kaɗai a falo. 42 da 27. Uwargida ta leƙo ta ga idona ya yi ja, ta koma ba ta ce komai ba, sai ga ta da shayi.

Kawu Zango (Bronx):
Ku 'yan Najeriya kada ku cinye fagen ku kaɗai. Mu ma a Gana muna da namu, Ezekiel Ansah, yaron Accra. Ya je jami'ar BYU yana burin ƙwallon kwando, aka ƙi ɗaukarsa, ya koma tsere, daga nan ya je ya roƙi a gwada shi a wannan wasan a 2010, bai ma san yadda ake ɗaura kayan kariya ba. A 2013 ƙungiyar ƙwararru ta Detroit ta ɗauke shi na biyar a duk ƙasar a zaɓen sababbin 'yan wasa. Duk wanda ya fito daga Nima ko Kumasi a unguwarmu, ranar ya san da labarin.

Abu Safwan (Houston):
Kawu, ai Christian Okoye ne ya share musu hanya. Daga Enugu ya je Azusa Pacific don jifan faifai, da aka bar shi a baya a tawagar Olamfik ta 1984 sai ya koma wannan wasan yana ɗan shekara 23. A 1989 shi ya fi kowa yadin gudu a gasar ƙwararru. Sai Amobi Okoye na Louisville, da Houston suka ɗauka a 2007 yana shekara 19.

Ɗan Fagge:
To ina namu? Duk sunayen da kuka lissafo ban ji Bahaushe ba.

Maman Hanif (Lincoln):
Ɗan Fagge, mu iyaye ne muke hanawa, ni ce ta farko. Hanif ya roƙe ni har da kuka, na ce a'a. A ɗakin gaggawa nake aiki. Na ga yaro ɗan shekara sha shida an kawo shi daren Juma'a daga wasan sakandare, yana tambayar mahaifiyarsa abu ɗaya sau shida a jere, bai san ya riga ya tambaya ba. Ina son wasan nan, ranar Asabar jan mayafi nake sawa, amma kullum ina sane cewa ɗan wata ne ake bugawa a can.

Sadiya (Auburn):
Ina wuni iyayena da yayyena. Na daɗe ina karantawa, ina jiran a zo kan wasan da ya fi kowanne, na ga ba wanda zai kawo shi. 30 ga Nuwamban 2013, Auburn da Alabama. Watana uku kacal a ƙasar, ko ƙa'idar wasan ban gama ganewa ba. Alabama su ne na ɗaya, sun ci kofin ƙasa biyu a jere. Mu kuwa kakar da ta wuce wasa uku muka ci, aka ci mu tara.

Kafin a fara aka saki gaggafa daga saman fili, ta yi ta shawagi a kan mutane kafin ta sauka tsakiya. Tsikar jikina ta tashi. Aka yi 28 da 28, agogo ya kai sifili, kowa ya ɗauka sai ƙarin lokaci. Kocin Alabama, Nick Saban, ya dage cewa ɗan wasansa ya fita daga fili da sauran daƙiƙa ɗaya. Aka duba, aka mayar masa da daƙiƙarsa. Mai bugunsu ya riga ya ɓarar da uku a ranar, sai ya sako wani sabon yaro, Adam Griffith, ya buga daga yadi 57. Ƙwallon ba ta kai ba. Ashe Chris Davis namu yana tsaye a can bayan layin ƙarshe yana jiranta. Ya cafe ya taho. Waɗanda Alabama ta sa a fili duk manyan ƙarti ne na tare hanya, ba masu gudu ba. Ya bi gefen hagu, ƙafarsa kamar za ta taka layi ba ta taka ba, ya yi yadi 109. Ni ban san an halatta a gudu da irin wannan ƙwallon ba, sai gani na yi wata tsohuwa da ke gefena, wadda tun farkon wasa ba ta ko kalle ni ba, ta riƙe hannuna da hannu biyu tana ihu, tafi, tafi, tafi. Tare muka sauka cikin fili, tana riƙe da ni har muka tsallake shingen. 34 da 28. Da muka rabu ta cire gyalenta mai ruwan lemo da shuɗi ta ɗaura min a kan hijabina. Ban san sunanta ba. Gyalen yana cikin akwatina.

Abu Safwan (Houston):
Ƙanwata, ƙarshe ne mai ban mamaki, ba musu. Amma daƙiƙa ɗaya ce. Namu wasa ne na sa'a huɗu tsakanin ƙungiyoyi biyu da ba a ci ko ɗaya ba, kuma kofin ƙasa ne a kan tebur. Vince ya jefa yadi 267 ya ruga 200 shi kaɗai. Ku kuma da kuka je wasan kofin, Florida State suka ci ku 34 da 31.

Sadiya (Auburn):
Yaya, ai ba ka ce wasan da ya fi girma ba, cewa ka yi wanda bai fita a rai ba. Kuma ba daƙiƙa ɗaya ba ce. Mako biyu kafin nan, da Georgia, dama ta huɗu yadi 18, Nick Marshall ya cilla ta sama, 'yan Georgia biyu suka yi karo a kanta ta yi tsalle ta faɗa hannun Ricardo Louis. A gari ɗaya, a fili ɗaya, cikin kwana goma sha huɗu. Wanda bai zauna a jihar Alabama ba ba zai gane ba. Ba su da ƙungiya a babbar gasar ƙwararru, wannan ita ce komai. Har wani mai goyon bayan Alabama ya taɓa zuba guba a tsofaffin bishiyoyin da 'yan Auburn ke taruwa a ƙarƙashinsu in an yi nasara, dole aka sare su a 2013.

Ɗan Fagge:
Subhanallahi. Mu nan ko Pillars da Enyimba ba a kai ga bishiya ba. Amma ina da tambaya ta gaske. Mutum dubu ɗari sun sayi tikiti, ga kuɗin talabijin. Yaran nan nawa ake biyansu?

Injiniya Bello (Abuja):
A duk wasannin da aka ambata kafin 2021, ko sisi, sai kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana. Koci kuwa irin Saban yana ɗaukar fiye da dala miliyan goma a shekara a ƙarshen aikinsa. Reggie Bush ɗin nan, saboda an ce shi da iyalinsa sun karɓi kuɗi da alfarma, sai da ya mayar da kyautar Heisman a 2010, ba a dawo masa da ita ba sai 2024. Daga Yulin 2021 aka yarda ɗan wasa ya samu kuɗi da sunansa da hotonsa. Ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Ojabo da na ambata, a ranar da yake nuna kansa ga ƙungiyoyin ƙwararru a 2022 jijiyar dunduniyarsa ta tsinke, ya faɗo zuwa zagaye na biyu na zaɓen. Rana ɗaya ta ci masa dukiya mai yawa. Wanda jikinsa ne jari, a biya shi tun yana da jikin.

Dokta Samaru:
Injiniya, ban ƙi a biya su ba, haƙƙinsu ne. Abin da ke damuna shi ne yawon. Yanzu yaro bana yana nan, baɗi yana can, kafin ka riƙe lambar rigarsa ya tafi. Darren Sproles ɗan guntun yaro ne, manyan makarantu da yawa sun raina tsawonsa, ya zo mana ya yi shekara huɗu. A 2003 Oklahoma su ne na ɗaya, ana cewa ba a taɓa irinsu ba, ya yi musu yadi 235, muka ci 35 da 7. Mun bi shi yana girma shekara bayan shekara, shi ya sa nasarar ta zama tamu. A yau da ya yi kaka ɗaya mai kyau, masu kuɗi sun ɗauke shi.

Ɗan Damagaram (Columbus):
Baba, da girmamawa, ai koci yana tashi duk ranar da aka ƙara masa kuɗi, ba wanda ke cewa ya ci amana. Mu ma da muke nan, ba don neman inda ya fi muka baro gida ba? Joe Burrow namu ne, shekara uku yana zaman benci a Columbus. Da bai koma LSU ba, da ba wanda ya san shi. A 2019 ya jefa tacdawun 60, suka ci wasa 15 ba faɗuwa. Ni na yi masa murna.

Dokta Samaru:
Ka kawo hujja mai ƙarfi, ɗana. Amma ka tuna da Jalen Hurts na Alabama. An cire shi a hutun rabin lokaci a wasan kofin ƙasa da Georgia, Janairun 2018, Tua Tagovailoa ya shiga ya ci wasan. Kowa ya ce zai tafi nan take. Ya zauna kaka guda a benci. A Disamba, da Georgia ɗin dai, a filin dai, Tua ya ji rauni, Hurts ya shiga ya juya wasan, 35 da 28. Daga baya ya koma Oklahoma, ba wanda ya zarge shi. Ni ba ɗan Alabama ba ne, amma ranar na yi masa addu'ar alheri.

Sadiya (Auburn):
Baba, wannan ko mu 'yan Auburn mun girmama shi.

Maman Hanif (Lincoln):
Baba Dokta, dattijon nan makiyayi fa? Kun ci gaba da zumunci?

Dokta Samaru:
Mun ci gaba, 'yata. Na dawo Zariya a 2000. Duk ƙarshen kaka sai ya yanko shafukan jaridar garin na kowane wasa, ya haɗa su a babban ambulan ya aiko min ta gidan waya, wani lokaci sai Maris yake isowa. Ba ya rubuta komai a ciki sai farashin shanu na shekarar da gaisuwa ga iyali. Na wasan Oklahoma ma a wurinsa na karanta, watanni bayan an yi. Ni kuma na aika masa da hula zanna da malfa irin ta Fulani, 'yarsa ta ce malfar yake sawa in zai shiga gona. Wata shekara ambulan bai zo ba. Da damina sai ga wasiƙa daga 'yar, da tikitinsa na wasan 1998 a ciki, ta ce a cikin walat ɗinsa ta same shi, guda biyu ne a naɗe tare, ta riƙe ɗaya.

Ɗan Fagge:
Yaya Abu Safwan, turo min wasan Texas ɗin nan cikakke, ba gutsure ba. Zan sayi data in kalla daren Juma'a. Injiniya, ka bar wayarka a kunne, zan riƙa tambaya.

Injiniya Bello (Abuja):
Tana kunne. In ka kai zubi na biyu ka duba gwiwar da kyau ka faɗa mana abin da ka gani.